Jawabi a kan Sayen Jinya a Ingila da Maganar Majinyata

Ku sani a ƙasar Ingila tun 1948 baitulmali ke ɗaukar jinyar mutane daga haraji. To wa ke yanke asibitin da za a biya ya yi aiki, da wanda za a rage? A 2013 aka danƙa wannan ga ƙungiyoyin likitoci 211, bisa sharaɗin kowace ta zaunar da mutum biyu waɗanda ba likitoci ba, ɗayansu ya riƙe maganar majinyata. A 2022 aka rushe su, majalisu 42 suka gaje su, doka kuwa ta bar musu wajibcin shawartar jama'a.

Ni abin da na gani, shawara daban, hukunci daban. A tara tsofaffi da guragu, a rubuta kukansu, sa'an nan mai riƙe da jaka ya zartar da abin da ya ƙudura tun farko. Mutanen Lewisham a Landan, da minista ya nufi rage asibitinsu a 2013, ba a zauren shawara suka rinjaye shi ba. Gaban alƙali suka kai shi, alƙali ya ce ya ƙetare iyakar ikonsa.