Littattafan Soyayya: A Ƙona Su Ko A Karanta Su?

(Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar a taron shekara na ƙungiya, a Madakiya)

 

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne ƙorafin da wasu iyaye suka kawo wa kwamiti, cewa 'ya'yansu mata sun duƙufa karatun littattafan soyayya. A da a ƙarƙashin katifa ake ɓoye su, yanzu kuwa a cikin waya suke. Wani ya ce ya tara na gidansa ya cinna musu wuta. Wata uwa kuma ta ce ita da su ta koyi karatun boko da Hausa. To, mun ga bai kamata mu yanke hukunci a kan abin da ba mu buɗe ba, shi ya sa muka nemo wasu daga cikinsu muka karanta. Ga abin da muka gani.

Da farko dai wannan harka ba jiya ta fara ba. A cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar da aka shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, akwai Jiki Magayi. Labarinsa kuwa na saurayi ne da mai kuɗi ya raba shi da yarinyar da yake so. A 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, labarin wata Bafulatana da ta dage a kan auren wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba. Daga nan marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwannin Kano, har aka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya su ne suka riƙa shigo mana da su Kafanchan, littafi ɗaya ya zaga gida goma kafin bangonsa ya yage.

To, me ke cikinsu? Ku ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da komai, gidansu kuma suka ce sai mai kuɗi. Da abin ya ishe ta sai ta faɗa rijiya. Mutane sun yi ta surutu a kan wannan rijiya, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da ya kai ta bakinta. Ku ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Yarinyar labarin, Abu, an hana ta karatu, an ba da ita ga tsoho, ta gudu, ta koma makaranta, ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, na 1990, wani Alhaji ne ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Wannan littafi har an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012.

Jama'a, don Allah wanne ne a cikin waɗannan ba mu taɓa gani a unguwa ba? Auren dole, saki ba dalili, kishi, talauci, uban da ya gudu ya bar ɗawainiya. Marubutan nan ba su ƙirƙiro su ba, a tsakar gidajenmu suka tsince su. Kuma yawancinsu da addini suke kafa hujja: cewa Musulunci ya ce a nemi yardar yarinya kafin a aurar da ita, cewa neman ilimi wajibi ne a kan namiji da mace, cewa haƙuri ba ya nufin a bar zalunci ya yi ta tafiya.

Ba mu ce duk na kirki ne ba. Akwai na banza, masu koya wa yara kwaɗayin mota da gidan sama, akwai kuma na batsa, musamman yanzu da kowa ke iya rubutu ya watsa a WhatsApp da Facebook ba mai dubawa. Amma an gwada wuta an gani. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona littattafai a bainar jama'a, hukumar tace finafinai ta jihar kuma ta matsa wa marubuta lamba. Rubutu bai tsaya ba, sai ma ya koma cikin waya, inda uwa ba ta iya ɗaga katifa ta gani.

Bari mu ɗan leƙa waje, don kada a ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka akwai wasu Kiristoci manoma da ake kira Amish, asalinsu daga ƙasar Suwizalan da maƙwabtanta, suka yi hijira suka zauna a jihar Fensilbaniya tun ƙarni na 18. Har yau keken doki suke hawa, ba sa jawo wutar lantarki gidajensu, matansu na rufe kai, a gida kuma wani karin Jamusanci suke yi. Wato baƙi ne da suka zauna a cikin wasu suka riƙe al'adarsu. A 1997 wata marubuciya, Beverly Lewis, ta fitar da littafi mai suna The Shunning, labarin budurwar da jama'arta suka ƙaurace mata. An sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya, daga nan irin waɗannan littattafai suka cika kantuna. Ba batsa a cikinsu, sai soyayya da imani da jarrabawar rayuwa, kamar dai namu. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: yawancin masu rubuta su ba 'yan Amish ba ne, masu karantawa ma haka. Wasu ne ke ba da labarinsu, su kuwa suna gona.

Wannan shi ne ya fi taɓa mu. Namu littattafan Hausawa ne ke rubuta su, alhamdu lillahi, amma a waɗanda muka karanta labarin Kano ne, ko Kaduna, ko Abuja. Ina labarin yarinyar da ta tashi a Madakiya, tana zuwa makaranta ɗaya da 'ya'yan maƙwabtanmu Bajju? Ina labarin kakanninmu da suka biyo fatauci da hanyar jirgin ƙasa suka yada zango a nan? Ina labarin matar da ta riƙe marayu bayan rikici, da maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa ba tare da ya tambayi addininsa ba? Duniya ba ta jin sunan yankinmu sai an yi tashin hankali, kamar na Kafanchan a 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011. Ranar da aka yi biki lafiya aka ci tuwo tare, ba mai rubutawa. In ba mu rubuta ba, wani zai rubuta mana, kuma da idonsa zai gani.

Saboda haka kwamiti na ba da shawara uku. Ta farko, iyaye mata da yayye su riƙa karanta abin da yara ke karantawa, a zauna a tattauna, a ce wannan ya yi daidai, wancan ya kauce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu, ba da wuta ba. Ta biyu, ƙungiya ta ware akwati ɗaya a ofis, a tara littattafan da malamai da iyaye mata suka duba, a riƙa ba da aro. Wanda ke da tsofaffi a gida ya kawo. Ta uku, wannan mujalla ta ware shafi don gajerun labarai na 'ya'yanmu. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla. Ba abin da zai hana 'yar Madakiya ta shiga irin wannan fage in mun ba ta alƙalami.

Mu iyaye maza kuma, kafin mu tambayi yarinya me take karantawa, mu fara tambayar ta wa take so, da kuma aji nawa take so ta kai. Amsar da littafi ke ba ta, gara ta ji ta daga bakinmu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.