Jawabin Kwamitin Ilmi: Yaranmu da Karatun Lissafi

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye maza da mata, 'yan'uwa 'yan Dambam mazauna wannan zango, muna yi muku barka da zuwa.

Za mu fara da abin da kowa ya sani ba ya son a tuna. Mun haɗa kuɗi, mai ɗari ya ba da ɗari, mai dubu ya ba da dubu, aka haƙa rijiyar burtsatse a gida, aka ɗora tanki. Ba a yi damina biyu ba ƙafafun ƙarfen suka lanƙwashe. Mai aikin ya yi rantsuwa shi ƙarfe mai kyau ya sa. To, lita guda ta ruwa kilo guda ce. Tanki mai cin lita 10,000 in ya cika, tan 10 ke zaune a kan ƙafafun nan dare da rana, ga iskar farkon damina tana tura shi ta gefe. A cikinmu duka babu wanda ya iya zama da biro ya duba ko kaurin ƙarfen ya isa. Wannan shi ya kawo mu yau.

Mu ba baƙin ƙidaya ba ne. Dillalin shanu a kara yana yin lissafin mota guda a ka kafin ɗan boko ya lalubo na'urarsa. Malamanmu na rabon gado da sudusi da sumuni, kuma littafin Alkawarizmi na Bagadaza, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara, babban ɓangarensa a kan gado da wasiyya yake. Amma abin da ake tambayar yaro a shekarar farko ta jami'a ko kwalejin fasaha wani mataki ne sama da haka, shi ne kalkulas, wato lissafin abin da ke canzawa. Niyuton na Ingila da Laibiniz na Jamus suka tsara shi, na biyun ya buga nasa a 1684.

Kada sunan ya ba mu tsoro, ga misali. A buɗe ƙasan tanki mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa, a ce zai ƙare a minti 100. Kowa zai ce rabinsa zai tafi a minti 50. Ina! Rabin sama a kusan minti 29 zai zube, rabin ƙasa ya ci sauran 71, domin ruwa na raguwa ƙarfin fitarsa na raguwa. Matan da ke layi da yamma sun daɗe da sanin haka a jikinsu, kalkulas ne ke ba da adadin. Haka in aka ba mutum waya mita 100 ya kewaye garke. Ya yi 40 da 10, ya sami fili murabba'in mita 400. Ya yi 25 da 25, ya sami 625. Ya zagaye shi da'ira, ya kusa 796. Ashe kakanninmu da suke gina rumbu zagayayye ba wasa suke ba. Da irin wannan lissafi ake auna kwanar titi, da girman kwalbati, da yawan faifan sola da zai ja famfo. Hanyar Azare zuwa Potiskum da muke bi in za mu gida, kowace kwanarta sai da wani ya lissafa ta.

Makarantun kuwa ba su yi mana nisa ba. Akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, wadda aka kafa a 1980 don fasaha, digirin injiniya shekara 5 ne. Akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Bauchi, difloma shekara 2, a fita koyon aiki shekara guda, a dawo babbar difloma shekara 2. Mai son koyarwa ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh nan Azare, ga ta Tarayya ta koyon sana'a a Potiskum. Duk ƙofar injiniya dai mabuɗinta ɗaya: kiredit 5, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Wanda ya ce ɗan Arewa ba shi da kan lissafi, a tuna masa da Farfesa Iya Abubakar na Adamawa, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Ga inda muke da damuwa. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar cewa mai neman karatun fannin adabi ba dole ya kawo kiredit a lissafi ba. Wasu yaranmu har murna suka yi. Mu ba mu raina adabi ba, amma sassaucin bai shafi injiniya ko safiyo ko kwamfuta ba. Yaron da ya yar da lissafi a aji huɗu na sakandare, ya rufe waɗannan ƙofofi yana ɗan shekara 15, ubansa yana kasuwa bai ma ji labari ba. Laifinmu ne iyaye, mu faɗi gaskiya. Yaro ya taso daga makaranta mu tura shi tsaron shago har isha'i, sannan mu ce ba shi da ƙoƙari. 'Yan mata kuwa ko tambayarsu ba a yi.

Saboda haka kwamiti na roƙon abu biyu. Na farko, a yarje mana mu ɗauki malamin lissafi daga asusun ƙungiya, ya riƙa koyar da yaranmu na nan, maza da mata, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Na biyu, duk ɗan Dambam da ya sami shiga fannin injiniya ko koyar da lissafi, ƙungiya ta ɗauki kuɗin rajistarsa na shekarar farko, da sharaɗin in ya zo hutu ya koyar da ƙannensa a gida. Magatakarda zai zagayo da takarda yanzu, kowane uba ya rubuta yawan yaransa da ajin da suke, kafin a tashi sallah.