Jawabi kan jawo kuran daga poto zuwa gida

An ba ni izini in yi magana kan jawo kuran zuwa gida, tunda wuta ta iso garinmu kuma kowa yana son ya gan ta a ɗakinsa.

Wayoyi biyu suke saukowa daga poto. Ɗaya ita ke kawo wuta, ɗaya ita ke mayar da ita, ita ce masu aikin ke ce ma neutre, a cikin gida shuɗiya ce. Tsakaninsu akwai volt 220. A kan layin gari kuwa wayoyin wuta uku ne, tsakanin kowane biyu volt 380. In wayar mayarwa ta layin ta tsinke ko ɗaurinta ya saki, wutar wani gida tana iya hawa kusa da 380, fitilu su fashe, rediyo da firij su ƙone. In kun ga fitila ta yi haske fiye da kima, ta maƙwabci kuma ta dushe, ku kashe wuta nan take ku sanar da NIGELEC. Kada kowa ya hau poto.

Waya ta uku ba daga poto take zuwa ba, maigida ne ke sa ta. Ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ana kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, kamar mita 2, a ɗaura mata wayar, a kai ta jikin firij da injin niƙa da duk abin ƙarfe. Ranar da wuta ta zubo a jikin firij, sai ta bi wayar nan ta shiga ƙasa, makashin wuta ya faɗi kafin yaro ya taɓa. Rairayinmu busasshe ne, ba ya jan wuta sosai, saboda haka a kafa sandar inda ke da laima, a sa ma'aikaci ya auna, kada ta wuce om 100. Makashi mai miliamper 30 shi ke tsare rai.

Ƴan'uwa, ga kuskuren da nake roƙo a bari: haɗa shuɗiya da wayar ƙasa a cikin gida don tsimin kuɗi. In shuɗiyar ta tsinke, jikin firij duka ya zama wuta. Kada kuma a mai da bututun famfo sandar ƙasa.

Wayar da ke ratsa hanya a ɗaga ta yadda babbar mota mai lodi za ta wuce ba ta taɓa ba. Kada ta goga bakin kwano, iskar damina tana cinye robarta.

Kuɗin sanda da waya bai kai kuɗin firij ba, balle ran mutum. Allah ya kiyaye mu, ya ba mu damina mai albarka.