RANAR ZAƁE: WA KE KASHE ƘURI'AR TSOHUWA?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman matasa da aka yi bayan sallar Isha'i a Birnin Kebbi. 

  

Ban taso don in ce ku zaɓi wane ko ku bar wane ba. Maganata a kan wuni ɗaya ce tak, wato ranar zaɓe, da abin da hannun matashi ke aikatawa a cikinta.

Kowa a nan ya san yadda garin ke wayewa. An hana zirga-zirga, kasuwa a rufe, yara na buga ƙwallo a tsakiyar titi. Ka je makarantar firamare ta unguwarku, ko a Nassarawa kake ko Makera ko Badariya, tun da sanyin safiya za ka iske layi biyu, na maza da na mata, kuma sau da yawa na matan ya fi tsawo. A ƙa'ida ƙarfe takwas da rabi ake buɗe rumfa, amma sai hantsi ya dubi ludayi ba a ga motar malaman zaɓe ba. Haka abin yake a Argungu da Gulma da Alwasa, inda mutum zai bar shinkafarsa a fadama ba ban ruwa, masunci ya jingine komarsa, ya zo ya tsaya a rana.

Ku tambayi iyayenmu yadda aka yi a Disamba 1991, 'yan watanni bayan an cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, lokacin da Abubakar Musa na NRC ya ci gwamna. Ƙato bayan ƙato aka yi. Ka tsaya bayan hoton wanda kake so, a ƙirga ku kamar awaki. Surukinka na kallonka, mai gidan da kake haya na kallonka, wanda ya ba ka bashin taki yana kallonka. To ina 'yanci a nan? Yanzu an ba ka lungu ka shiga kai kaɗai, daga kai sai Allah. A 2015 Farfesa Attahiru Jega, ɗan jihar nan, ya kawo na'urar tantance kati, wadda ta sha ƙin karanta yatsun manoma saboda aiki ya cinye zanen. A zaɓen 2023 aka yi aiki da BVAS, wadda in yatsa ya ƙi sai ta duba fuska.

To 'yan uwa, ga inda nake son ku buɗe kunne. Ranar 18 ga Maris 2023 aka yi zaɓen gwamna. Aka tattara sakamako, Nasir Idris na APC yana gaban Aminu Bande na PDP da ƙuri'a kimanin dubu 45. Amma hukumar zaɓe ta ce zaɓe bai kammala ba. Me ya sa? Saboda masu zaɓe a rumfunan da aka soke sun haura dubu 90, sun fi tazarar da ke tsakanin mutum biyun. Sai da aka sake fitowa ranar 15 ga Afrilu kafin aka bayyana Nasir Idris. Ku tuna wace rana ce wannan. Cikin goman ƙarshe na Ramadan ne, a zafin Afrilu na ƙasar Kabi, baki da azumi.

Rumfa ba ta soke kanta. Abu biyu ne suka fi jawo haka. Ko dai a tayar da rikici a fasa akwati, ko kuma a yi aringizo, ƙuri'un da ke cikin akwati su fi yawan mutanen da na'ura ta tantance. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce in haka ta faru a soke rumfar gaba ɗaya. Ka ga kenan wanda ya cusa ƙuri'a goma don ya taimaki ubangidansa ya kashe ɗari uku, har da tasa, har da ta uwarsa. Wa ake aike ya yi wannan aiki? Ba dattijo ba ne, ba mai goyo ba ce. Mu ne, matasa. A ba ka ƙwaya da dubu biyu, ka ɗauki gora. Shi wanda ya aike ka kuwa 'ya'yansa na Abuja, ko ƙura ba ta taɓa su ba. Tsohuwar da jikanta ya riƙo hannunta tun asuba, ta tsaya awa huɗu, ta dangwala, kai ka mayar da wahalarta banza. Wallahi wannan haƙƙi ne, kuma ba a wajen hukuma kaɗai za a tambaye shi ba.

Akwai kuma mai sayar da tasa a ɓoye, a bayan katangar makaranta, da taliya ko sabulu ko atamfa. Shi ya sa aka hana shiga lungun dangwale da waya, don kar ka ɗauki hoto ka je karɓar lada. Ban cika zargin mata a nan ba, yunwa ba ta da kunya. Mai raba kayan nake zargi, kuma shi ma yawanci sa'anmu ne.

Saboda haka in ka fita, fita da katinka da ruwan sha. In ka ga tsoho ko mai ciki ko gurgu, ka matsa masa, ai ƙa'ida ma ta ba su gaba. Ka koya wa na kusa da kai ya bar tawada ta sha iska kafin ya naɗe takarda, don in ta ɓata wani gurbin ana iya jefar da ƙuri'ar. Duk wanda ƙarfe biyu da rabi ta same shi a layi sai ya jefa tasa, kar wani ya kore shi. In an gama kar ka ruga gida. Ka tsaya nesa kaɗan cikin natsuwa a ƙirga a gabanka da babbar murya, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna sakamako a bango. Yaran nan masu bautar ƙasa da ke riƙe da akwati baƙinmu ne, wani daga Inugu aka turo shi, ko Hausa ba ya ji. In magariba ta yi ba a gama ƙirga ba, ku haska masu fitila, ku raka su har mota.

Nan zan dakata saboda dare.