Keke Mai Sirdi Biyu: Sabon Ɗan Jagora



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, watau keke, amma ya shafi mutuncin ɗan Adam. Ina da kawu a Kurfi wanda ya shekara fiye da ashirin yana hawan Raleigh ɗinsa zuwa kasuwar Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 25. Hawan jinin ido ya ɗauke masa gani, aka jingine keken a zaure har ya yi tsatsa. Yau ƙaramin ɗansa ke riƙe masa sanda, kuma duk ranar da kawu zai fita, yaron ba ya zuwa makaranta. Kun ga hasara ta zama biyu ke nan.

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa 'yan Nijeriya fiye da miliyan ɗaya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari. Ita yana aiki ake yi a cire ta, saboda haka matakin farko shi ne asibiti. To, amma wanda ganinsa ba zai dawo ba fa, kamar kawu? Shi ke nan ya yi sallama da feda?

Hanyoyi uku na gani. Ta farko, a ɗauke shi a kariya. Wannan kowa ya iya, sai dai ya zama kaya, ba mahayi ba. Ta biyu, keke mai ƙafa uku wanda mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa. Ba ya kifewa da sauƙi, ya dace da tsoho ko mai tsoro, amma faɗinsa ya yi wa gefen titinmu yawa, balle hanyar gona.

Ta uku ita ce na fi so mu duba, watau dogon keke mai sirdi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Na gaba, mai ido, shi ke da kan keke da birki. Na baya yana da abin riƙo wanda ba ya juyawa, yana kuma da fedarsa. Akwai sarƙa ta musamman da ta haɗa feda biyun, don ƙafafunsu su riƙa juyawa tare. Ƙarfin mutum biyu ne, alhali iska ƙirji ɗaya take bugu, shi ya sa a shimfiɗaɗɗiyar hanya yakan tsere wa keken mutum ɗaya. A gasar naƙasassu ta duniya, Faralimfik, da irinsa makafi ke tsere, kuma in sun yi nasara ana rataya wa na gaba da na baya lambar yabo.

Amma fa jigon abin amana ce. Na gaba shi zai fara hawa, ya matse birki, ya kafa ƙafafunsa ƙasa, sa'an nan na baya ya hau. In sun kama hanya, bakin na gaba shi ne idon na baya: "Ga rami, Kawu!" "Kwana ta dama!" "Za mu tsaya!" Wanda ya yi shiru ya ci amana. Na baya kuwa kada ya karkata jiki ba zato, domin tare za su sha ƙasa.

Na san wani zai ce, ai mai walda zai haɗa mana kekuna biyu cikin yini guda. Lalle zai iya, amma rigakafi ya fi magani. Nauyin manya biyu yana buƙatar ƙarfe mai ƙwari, da tayar baya mai ƙarfi, da birki biyu masu kamawa sosai. A fara koyo a filin ƙwallo, a guji ranar kasuwa, kuma saboda halin tsaro a yankinmu, kada magariba ta riske su a hanya.

'Yan'uwa, a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Doka kuwa ba ta taka feda. An kafa jami'ar nan ta Dutsin-Ma a 2011 don ta amfani mutanen da ke kewaye da ita. Ina roƙon ƙungiyarmu ta yi karo-karo ta samar da keke guda, ta nemi shawarar Sarkin Makafi, domin su suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi, sa'an nan mu riƙa karɓa-karɓar zama a sirdin gaba ranar Asabar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni dai na riga na yi wa kawu alkawarin sirdin baya, na kuma yi wa ɗansa alkawarin komawa aji.