Hoton Kayan Sana'a: A Fara da Haske

Hirarmu ta yau ta masu sana'ar cikin gida ce: mai turaren wuta da humra, mai haɗa sarƙa da 'yan kunne, mai saƙar hular jarirai, mai alkaki da dubulan. Maimakon a ɗora wa yarinya faranti ta yi ta zaga gari, hoto na iya zama ɗan aikenki. Amma fa in ya fita da duhu ko dishi-dishi, mai saye wucewa za ta yi, komai kyan kayan.

To, kyamarar dijital ce a hannunki ko ta waya, abu na farko shi ne haske. Kada ki ɗauka a tsakar gida da rana tsaka, don inuwa za ta yi baƙi ƙirin, ƙarfe kuma ya yi ta walƙiya. Nemi bakin taga ko inuwar rumfa, da hantsi ko bayan la'asar. In rana na shigowa kai tsaye, rataya farin gyale mai shara-shara a tagar, zai tausasa hasken. Ki ajiye kayan yadda haske zai zo musu daga gefe, sannan ki jingine farar takarda a ɗaya gefen ta mayar da haske wajen da ke da inuwa. A ƙarƙashi ki shimfiɗa yadi marar ado. Atamfa mai zane sai ta janye ido daga kayan.

Na biyu, kashe filasha, wato alamar walƙiyar nan. A kusa tana wanke launi, ta bar farin tabo a jikin kwalba. Sai ki nemi alamar fure, ita ake kira makro, aikinta fito da ƙananan abubuwa daga kusa. Matso kamar taƙi ɗaya, ki danna maɓallin ɗauka rabi, ki jira kayan su fito tangaran, sannan ki ƙarasa dannawa. A waya kuwa, taɓa kayan a kan allo. Kar ki manta da goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, don maiƙon hannu kaɗai ya isa ya ɓata hoto.

Na uku, akwai wurin da aka rubuta ISO. In akwai haske sosai, bar shi a 100 ko 200. Da ya haura 800, a ƙananan kyamarori sai hoto ya fara ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Sai dai ƙaramar lamba na sa kyamara ta ɗan jima tana ɗauka, don haka rawar hannu kaɗan sai ta ɓata aiki. Maganinsa, ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunno ko tarin littattafai, ki sa mata jinkirin daƙiƙa 2 ko 10, ki janye hannunki.

Sai maganar launi. Ƙwan lantarki mai jan haske kan mayar da farin leshi ruwan ɗorawa. Kashe shi, kada ki haɗa shi da hasken taga. A wurin da aka rubuta WB, zaɓi alamar rana, gajimare ko ƙwan fitila, daidai da hasken da kike ciki. In farin shimfiɗa ya fito toka-toka, je alamar +/- ki ƙara zuwa +1.

Uwargida, ga abin lura. Tire, madubi da kwalba suna nuna mai ɗauka. Duba hoton da kyau kafin ki tura, kar fuskarki ko cikin ɗakinki su bi shi waje. Ki kuma kashe abin da ke rubuta wurin da aka ɗauki hoto a saitin kyamarar waya.

Daga ƙarshe, a ji tsoron Allah. Kada ki gyara hoto har launi ya canza, ko ki ɓoye aibin kaya, wannan algus ne. Ajiye ƙwayar ashana a gefen ɗan kunne don a gane girmansa. Wadda ta karɓi abin da ta gani, ita ce za ta dawo, har ta kawo ƙawarta.

A gwada wannan a cikin makon nan: abu ɗaya, hoto uku, da safe, da rana, da yamma, a kwatanta a gani. Allah ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara.