Tsohon Faifai a Cikin Sabuwar Kwamfuta



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau, a ido ƙaramin aikin gyara ne, watau yadda ake cire faifan ajiya daga tsohuwar kwamfuta a haɗa shi da sabuwa ta kan tebur. Amma ina so mu dube shi daga ofisoshin ƙasar Gobir ta bakin iyaka, Sabon Birni da Isa da garuruwa irin su Tsamaye, inda nauyinsa ya fi bayyana.

In aka kawo sabuwar kwamfuta ofis, sau da yawa sai a ture tsohuwar a kusurwa, alhali kuwa a cikinta jerin albashi ya ke, da takardun filaye, da sunayen 'yan makaranta. Wani zai ce ai yanzu a intanet ake ajiya. To, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. A waɗannan kwanaki, abin da ke cikin faifan ofis kaɗai ya rage a hannun ma'aikaci. Har ila yau, tun 2019 dubban mutanen wannan yanki su ke tsallakawa zuwa Maraɗi. Wanda ya komo ya tarar takardarsa ta ƙone, ba shi da shaida sai abin da ofis ya adana.

Shi faifan nan, wasu faya-fayai ne na ƙarfe ko gilashi a cikin rufaffen akwati, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wani ɗan hannu kuma yana shawagi a kansu yana karatu da rubutu. Duk abin da ke juyawa haka yana da ranar gajiya. Saboda haka ra'ayina shi ne, ba don ƙarin wurin ajiya za a haɗa shi ba. Tsohon rumbu ne, a buɗe shi a kwashe hatsin kafin gara ta gama da shi.

Farkon abin dubawa shi ne bakinsa. Faya-fayan da suka biyo tsarin IDE, wanda ya fito a 1986, suna da haƙora layi biyu da ke karɓar faffaɗar waya mai kama da ɗamara, mai ramuka 40, da wata kafar wuta mai haƙora 4. Wajen 2003 tsarin SATA ya fara maye gurbinsa, da siririyar waya mai haƙora 7 da ta wuta mai 15. In faifan na SATA ne, aikin bai wuce wayoyi biyu ba. In na IDE ne, sabbin kwamfutoci ba su da kafarsa, sai an nemi adafta, ko dai mai mayar da shi SATA ko mai kai shi kafar USB. Ta biyun ta fi mini, don ba sai an buɗe sabuwar kwamfutar ba. Akwai kuma wata 'yar hular roba a bayan faifan IDE da ke nuna ko shi ne ubangida ko bara; yawancin adafta suna so a sa ta a matsayin ubangida.

A kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango. Da hunturu kuwa, lokacin da riga ke tartsatsi in an tuɓe ta, a fara taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa faifan, domin wannan ɗan lantarki na jiki ya isa ya kashe shi.

Sa'an nan sai wurin da aka fi yin ɓarna. Da an kunna, a tabbata kwamfutar ta tashi daga sabon faifanta, ba daga tsohon ba. Ana daidaita wannan a shafin BIOS. In faifan bai bayyana ba, wataƙila harafi kawai ya ke bukata a ba shi. Amma in Windows ta tambaya ko a yi masa fomat, amsar ita ce a'a. Fomat shafewa ce, kuma da danna maɓalli ɗaya akawu zai iya share aikin shekara goma. A bincike shi da manhajar kashe ƙwayoyin cuta tukuna, musamman wanda ya fito daga Windows XP, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun Afrilu 2014.

Daga nan a kwafe kome zuwa wurare biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a wani gari dabam, ko da Sakkwato ce. A yi kwafin a kan wuta tsayayya, kada janareta ya mutu a tsakiyar aiki. In kuwa aka ji faifan yana ƙas-ƙas kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya, hannun karatun ne ke kasawa. A kashe nan take, kada a sake kunnawa, a kai shi ga masu ceto bayanai.